Takardar Mai Kunne

A kamfanin sabulun nan ba wanda ya damu da sunansa na yanka. Agogo ake ce masa, a bayan ido ke nan. A gabansa kuwa Yallaɓai ne, da ɗan rusunawa da gyaran murya. Shekara ashirin da shida yana keta ƙofar kamfanin ƙarfe bakwai saura kwata, ko ana ruwa ko ana rana, har masu gadi suka daina duba bango, shi suke dubawa. Shi ne manajan sashen naɗi na ɗaya, inda ake naɗe sabulu a takarda a jera a kwali, kuma mutum sittin da uku ne a ƙarƙashinsa.

Ranar wata Litinin ya shiga ofis ya tarar da takarda a kan teburinsa, an danne ta da kofin shayinsa don kada fanka ta ɗauke. Takardar neman canjin sashe ce. Mai Kunne ne ya cike ta, babban bakanikensa, yana so ya koma sashe na biyu. Dokar kamfanin ita ce sai manajan mutum ya sa hannu. In ya ƙi, mai nema ya haƙura sai baɗi. An ba shi zuwa Juma'a.

Agogo ya karanta ta sau uku a tsaye. Da a ce wani kamfani ne ya ɗauke masa Mai Kunne, ko mutumin ya ce ya gaji zai koma noma, wallahi da ya sa hannu ya raka shi har bakin titi. Amma sashe na biyu? Taku goma sha biyu ne daga ƙofarsa, ya sha ƙirgawa. Sashen Anti ne.

Bari in faɗa maka ko wane ne shi tukuna, kada ka ɗauka wani mugu ne. Yana ɗan shekara ashirin ya shigo kamfanin, aikinsa ɗaukar kwali a ka daga bakin inji zuwa bayan mota. Daga nan ya koma kan injin, daga injin ya zama shugaban layi, yana tashi aiki ya wuce makarantar yamma da warin sabulu a jikinsa, 'yan aji suna matsawa gefe. Ba abin da aka ba shi kyauta. Ba ya zagi, ba ya cin amanar kowa, kuma in wani nasa ya yi kuskure shi ke hawa bene ya sha faɗan manya shi kaɗai, ya sauko bai ce wa kowa uffan ba. Ya aurar da 'ya ɗaya, biyu suna jami'a, ya gina gida mai ɗaki huɗu wanda shi ya zana shi da biro a bayan kwali. Mutum ne tsayayye. Illarsa ɗaya ce, ya san aikin fiye da kowa, kuma ya san ya sani.

Taronsa na safe minti huɗu ne. Ƙarfe bakwai daidai kowa ya jeru a tsaye, ya karanto abin da za a yi, wane inji na ɗaya, wane inji na biyar, kwali kaza kafin azahar. A ce, to Yallaɓai. A watse. Shekara da shekaru haka ake yi, sabulu kuma yana fita.

Shi kuwa Mai Kunne, shekararsa goma sha huɗu tare da shi. Dogo ne, ba ya magana, kullum da tsumma a aljihun baya. An sa masa sunan ne saboda in inji ya fara ciwo ba ya buɗe shi, sai ya tsaya a gefe ya karkata kai ya saurara, ya ce noti ne ya saki a ƙasa ta hagu. A buɗe a tarar haka ne. Duk inda Agogo ya zauna cikin manajoji sai ya sako zancensa, ya ce, ai ni ina da wani mutum. Bai taɓa faɗa wa mutumin haka a gabansa ba, don a ganinsa yabo yana lalata ma'aikaci.

Sai Anti. Shekara takwas da suka wuce aka kawo masa ita daga jami'a, 'yar siririya da littafin rubutu a hannu, ba ta san gaban inji da bayansa ba. Shi ya koya mata komai, har yadda ake tsayawa kada bel ya kama gefen riga. Yau ga ta manajar sashe na biyu, ofishinta mai gilashi yana kallon nasa. Mutanenta ba sa ce mata Yallaɓiya, Anti suke ce mata, har da wani mai furfura da ya isa ya haife ta. Taronta na safe minti ashirin ne, a zaune a kan kwalaye marasa kaya, kuma dariya ake yi. Wata bakwai a jere sashenta ne a sama a allon da ke bakin ƙofa, injinanta ba sa tsayawa. A taron manajoji Darakta ya ce ya kamata a riƙa leƙawa a ga yadda take tafiyar da mutanenta. Ya faɗa yana kallon silin, amma kowa ya san da wa yake.

Kishi dai Agogo yake yi, ba sai an saka masa wani suna ba. Allon bai dame shi kamar dariyar ba. In ya ji ta daga ƙetare sai ya tashi ya rufe ƙofa, can kuma ya sake buɗewa don ya ji ko an daina. Ya san mutum nawa ke ɗaga mata hannu in ta wuce. Ya san ranar da mai shara ya goge mata takalmi da tsummansa ba ta sa shi ba. A gida ba ya kiranta komai sai yarinyar can, har matarsa ta gaji ta tuna masa cewa yarinyar can 'ya'yanta uku.

Litinin ɗin bai ce wa Mai Kunne komai ba. Ya wuce shi sau biyar a bakin inji kamar bai ga takarda ba. Amma a ransa ya gama yanke shawara: akwai wani abu da take yi musu a taron nan, zai gano shi, ya yi wanda ya fi shi kafin Juma'a, mutumin ya zo da kansa ya janye takardarsa.

Talata da safe, bayan ya sallami nasa, sai ga shi, babban manaja guda, a lungun da ke tsakanin sassan biyu yana duba tukunyar kashe gobara. Ya juya ta, ya karanta rubutun jikinta, ya sake juyawa. Ta cikin gilashi yana hango Anti a kan kwali, tana juyawa wajen mutum ɗaya bayan ɗaya tana jefa masa gajeriyar tambaya. Injina sun fara ruri, don haka wutsiyar maganar kawai ke iso shi: ka gani, kika gani, ka gani. Duk wanda ta tambaya sai ya gyara zama ya yi ta zuba, ita kuma tana rubutawa.

Ya koma ofis yana murmushi shi kaɗai. Ashe abin ke nan. Tambayarsu take me suka gani. Rahoto take karɓa, kowa ya zama idonta, sai ta lulluɓe abin da dariya. In dai wannan ne, ai shi ya fi ta iya tambaya.

Laraba ya sa aka jera kwalaye. Mutanensa suka zo suka tarar da wurin zama, suka tsaya cirko-cirko, sai da ya ce a zauna sau biyu. Suka ɗosana a gefen kwali kamar masu jiran allura. Shi ma ya zauna, ya buɗe sabon littafi, ya saki wani murmushi da fuskarsa ba ta saba da shi ba. Ya dubi mai kula da sito ya ce, "Kai, me ka gani?"

To, ka dai san Bahaushe. In babba ya zaunar da kai a gaban jama'a ya ce me ka gani, ba labarin idonka yake nema ba, cewa yake me ya kai ka aikata abin da ka aikata. Mai sito ya zame daga kan kwalin ya durƙusa. Ya ce a yi masa afuwa, makullin ba ɓata ya yi ba, a wandonsa na jiya ya manta shi, kuma ba zai sake ba. Agogo bai ma san an yi wani zancen makulli ba. Ya yi ta maza ya juya wajen matar da ke lika kwali ya ce, ke fa, me kika gani? Ta fashe da kuka, ta ce ɗanta ne ba lafiya shi ya sa ta makara ranar Alhamis. Na uku ya ga alamar yau ranar tonon asiri ce, ya ce shi dai bai yi komai ba, amma a tambayi direban motar ɗaga kaya inda yake zuwa bayan cin abinci. Direban ya miƙe zai rama. Wuri ya yamutse.

Da Agogo ya tsaya a nan da sauƙi. Amma duk don mutum ɗaya aka shirya taron, ga shi can a ƙarshen layi yana murza tsummansa. Ya ɗaga murya ya ce, "Mai Kunne, me ka gani?"

Kowa ya juya ya kalle shi. Mai Kunne ya miƙe a hankali, kansa a ƙasa, ya ce, "Yallaɓai, ba wani laifi ka yi mini ba. Ni dai na nemi canjin ne kawai."

Kafin wannan safiya shi da Mai Kunne ne kaɗai suka san da takardar. Yanzu sittin da uku sun sani, kuma kafin a tashi cin abinci duk kamfanin ya ji cewa Agogo ya tara jama'a ya tuhumi bakanikensa don me zai bar shi. Ya shige ofis ya rufe ƙofa. Kunya ta ishe shi, ga haushi, ga kuma dariya tana tasowa daga ƙetare kamar da gayya, alhali su can ba su ma san me ake ciki ba tukuna.

Da yamma yana cire takalmi ya ba matarsa labari, yana jiran ta taya shi jin haushin mutanen da ba su gane tambaya ba. Ta ajiye tsintsiya ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ta ce, Maigida, ni kaina da ka shigo ka ce mini me kika gani, haƙuri zan fara ba ka kafin in tuna laifin. Ya ce to ita yarinyar can da take faɗa kullum ana mata dariya fa? Matar ta ce ita ba ta je wurin ba, amma ta san baki da baki akwai bambanci. Ya ce shi ke nan, har gidansa ma an koma sashe na biyu. Ya ture kwanon abincin ya fita tsakar gida ya zauna yana kallon bango.

Alhamis da hantsi aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Anti ce. Ta gaishe shi da Malam, kamar yadda take kiransa tun tana ɗalibarsa, ta ƙi zama sai da ya nuna mata kujera. Ta ce ta ji abin da ya faru, kuma tana so ya sani ba ita ta nemi Mai Kunne ba. In yana so, yau ɗin nan za ta hau bene ta ce ba ta da gurbi, magana ta mutu.

Da ta zo da gadara da ya ji daɗi, da ya sami abin kamawa. Sai ta zo da ladabi, tana yi masa tayin mutuminsa kamar sadaka. Ya ji zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ya ce mata ba ya buƙatar a roƙar masa kowa. Ta miƙe za ta fita, har ta kama ƙofa, sai bakinsa ya riga shi. Ya tambaye ta, yana duba wata takarda da ba ruwanta da zancen, wai me take ce musu ne kullum da safe.

Ta ɗan yi tunani, don ita ba ta ma ɗauke shi wani abu ba. Ta ce, "Ya ka gani, nake cewa. In kawo matsala in ce, wane, ya ka gani?"

Ya ce, shi ke nan?

"Shi ke nan, Malam. Ni ban san injinan nan kamar yadda ka san su ba. In ban tambaya ba ina zan sa kaina?"

Ta fita. Ya zauna yana juya kalmomin biyu a baki, ya da me, me da ya. Ɗaya shawara take nema, ɗaya tuhuma ce, yaro ɗan shekara biyar ya san wannan. Kunnensa ya jiyo rabi, sai kansa ya cike sauran da abin da ya saba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne dalilin da ta bayar. Shi ya kwashe shekara ashirin da shida yana tara sani, ita kuma ta zo ta wuce shi da rashin sani. Har wannan ma sai da ya yi mata ƙyashinsa.

Juma'a ya aika a kira Mai Kunne. Tun a mota yake gwada maganar, yana sassauta murya, har mai sayar da jarida a mahaɗa ya ɗauka da shi yake. Mutumin ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. Agogo ya ce ya zauna, ya zauna a rabin kujera. Takardar tana tsakaninsu a kan tebur, ba wanda ya kalle ta. Agogo ya gyara murya ya kawo zancen inji na uku, wanda ke tsinka bel kusan kowane mako. Sannan ya ce, "Ya ka gani?"

Mai Kunne ya ɗago ya dube shi, ya ga da gaske ne. Sai ga mutumin da ba ya haɗa jimla biyu yana magana. Ya ce ba bel ɗin ne ke da laifi ba, injin ne aka kafa shi a ɗan karkace tun farko. In aka ɗaga ƙafarsa ta baya da kaurin yatsa, aka matsar da abin da ke jan bel ɗin kaɗan, zai shekara bai tsinke ba. Ya jawo wata tsohuwar ambulan ya zana. Agogo ya duba zanen, ya gane nan take cewa haka ne, don shi ma ya san inji. Daɗi ya kama shi. Ya ce to me ya hana ka faɗa tuntuni?

Mai Kunne ya ce ya faɗa. Shekara biyar ke nan, a bakin injin, ranar da aka kawo baƙi. Yallaɓai ya ce masa ya yi abin da aka sa shi.

Agogo bai tuna ba, kuma ya san ba ƙarya aka yi masa ba, don maganar irin tasa ce.

Mutumin ya ci gaba, ba da wata manufa ba, shi dai an buɗe masa baki ne. Ya ce wata takwas da suka wuce ya haɗu da Anti a bakin famfo yana wanke hannu, ta ce injinanta suna cin bel, ya ya gani? Ya faɗa mata abin nan dai da ya zana yanzu. Mako bai zagayo ba ta sa aka ɗaga ƙafafun nata duka shida, ta zo har bakin aikinsa ta ce ya yi aiki, ta gode.

Wata takwas. Allon bakin ƙofa wata bakwai. Agogo ya yi lissafin ba da son ransa ba. Duk safiyar da ya tsaya gaban allon nan yana cizon leɓe, dabarar mutuminsa yake kallo, wadda aka fara kawo masa har inda yake tsaye ya kore ta. Ya ji kamar ya kifa tebur. Ba wanda zai kama da laifi, abin da ya fi ƙona shi ke nan.

Amma har yanzu biro yana hannunsa. In ya mayar da shi aljihu, Mai Kunne nasa ne har baɗi, doka ta ba shi. Za a ɗaga ƙafar inji na uku gobe, allon zai juya, Darakta zai daina kallon silin. Ya ja takardar gabansa. Ya san bai kamata ya tambaya ba, amma yana so ya ji an zaɓe shi ko sau ɗaya, yanzu da ya iya tambayar.

"Wannan fa," ya ce, yana taɓa ta da yatsa. "Ya ka gani?"

Mai Kunne ya murza tsummansa. Sannan ya ɗago kai.

"Na ga gara ka sa mini hannu, Yallaɓai."

Ya sa. Ya buga hatimi ya miƙa masa, har ya ce Allah ya sa alheri. Mai Kunne ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya ce kafin ya tashi yau zai gyara inji na ukun. Ya kuwa gyara shi, ya share wurin, ya jera sifanun kamfani a akwatinsu ya kai wa mai sito.

Litinin ƙarfe bakwai da minti huɗu Agogo ya sallami mutum sittin da biyu. Ya shiga ofis ya ce ba zai duba ƙetare ba, ya ɗauki kofi, ya ajiye, ya duba. Suna zaune a kan kwalayensu. Ga Mai Kunne can a tsakiya, ya fi kowa tsawo ko a zaune, yana nuna wani abu da hannu. Mai furfurar nan ya ce wani abu, sai Mai Kunne ya jefa kai baya ya tuntsire da dariya, baki buɗe.

Agogo ya matso jikin gilashi ya ƙura ido. Ashe mutumin wushirya gare shi a tsakiyar haƙoransa na sama. Shekara goma sha huɗu suna aiki tare, sai yau ya gan ta.